Zinarin da Ba a Gani: Tafiyarmu Munik da Gwaggo

Duk shekara idan sanyin Jamus ya fara sassautawa, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, birnin Munik yakan cika da wasu irin baƙi waɗanda ba ƙwallon Bayern ce ta kawo su ba. Maƙera ne da ɗalibai da dillalai da masu tara kayan fasaha, daga Holan da Japan da Koriya ta Kudu da Ostireliya da sauran ƙasashe, kowa da abin da ya rataya a wuya ko ya maƙala a ƙirji. Abin da ke tara su shi ne nunin kayan ado mai suna Schmuck, wanda ake yi tun 1959 a cikin babbar kasuwar baje kolin sana'o'in hannu ta birnin. Da tafiya ta yi tafiya sai abin ya fi ƙarfin zaure ɗaya, ya fantsama cikin gari. A makon nan shaguna da ɗakunan ƙarƙashin gini da gidajen kwanan mutane duk sukan koma wuraren nuni, har sai ka riƙe taswira a hannu kafin ka san inda za ka dosa.

Na daɗe ina jin labarin wannan mako a makarantar da nake karatun zane a Nuremberg. Sai Allah ya kawo Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo ganin likita ta sauka a wurina. Gwaggo ta haura shekara 20 tana fataucin gwal tsakanin Dubai da Kano. Idan ta ɗora sarƙa a tafin hannu za ta faɗa maka nauyinta kafin a kai ga sikeli, kuma da wuya ta kuskure. Da na ce mata za ni kallon kayan ado, ba ta tsaya tambaya ba ta jawo mayafi. Tun a gida na gaya mata cewa ba irin kayan da ta saba da su ba ne. Ta ce, "Uwata, gani ya kori ji." Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba.

Daga Nuremberg zuwa Munik awa ɗaya ce da 'yan mintuna a jirgin ƙasa mai sauri. A babbar tasha muka gangara muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U2, ya kai mu gabashin gari inda filin baje kolin yake. Wurin tsohon filin jirgin saman Munik ne da aka rufe a 1992, shi ya sa fili ne fetal, iska tana kaɗawa ba abin da ke tare ta. Gwaggo ta naɗe fuska sai ido. A ciki ma sai da muka ratsa masu tallar murhu da kujeru da tagogi da injinan kafintoci, domin kasuwar ta duk masu sana'ar hannu ce, kayan ado lungu ɗaya suka samu.

Lungun kuwa tsit, sai ka ce ba a kasuwa kake ba. Akwatunan gilashi ne a jere, an haska musu fitila. Ƙa'idar wurin ita ce duk shekara a ɗauko masani guda a ba shi wuƙa da nama, ya duba ɗaruruwan ayyukan da aka aiko, ya tsamo na mutum 60 da 'yan kai. Tun 1973 kuma ana ba mutum uku daga cikinsu kyauta da sunan Herbert Hofmann, wanda ya assasa nunin. Duk maƙerin da ke wannan fanni burinsa a ce an taɓa zaɓar aikinsa a nan.

Gwaggo ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a goye a baya. Ga abin wuya na takarda da aka ninke ta har ta yi tauri, ga na itacen da aka babbaka, ga na gashin doki, ga zobe na ƙarfe mai tsatsa da aka dasa wa dutse a karkace da gangan. Da ta kai ƙarshen layi ta waiwayo.

"Uwata, ina gwal ɗin?"

Na ce akwai kaɗan, amma ba shi ake nunawa ba. Na yi mata bayanin da aka yi mana a aji, cewa waɗannan mutane sun koyi ƙira sosai, da yawansu sun fara ne da zinari da azurfa, daga baya suka ga cewa tsadar ƙarfe tana rufe aikin hannu da tunanin mai shi, sai suka juya ga kayan da ba su da daraja don a kalli aikin kansa. Ta duba 'yar takardar da ke gefen wani abin wuya, ta sa na karanta mata. Sunan mai aikin, ƙasarsa, shekara, abin da aka yi shi da shi. Babu giram, babu karat.

Ta ce, "To idan mace ta shiga matsi, wa za ta kai wa takarda ya ba ta kuɗi?"

Wannan tambaya ba ta raini ba ce. A wurin matan da Gwaggo ke hulɗa da su, sarƙar gwal ita ce asusun da ba mai iya taɓa musu. Da ita ake biyan kuɗin tiyata, da ita ake tayar da jarin da ya karye. Duk wanda zai yi maganar kayan ado ya tsallake wannan, bai fara ba. Na gaya mata ba ni da amsar da za ta gamsar da ita, muka ci gaba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kayan da ke cikin gilashin sun yi kyau, amma kwance suke. Abin wuyan takardar nan an yi shi ne don ya motsa idan mai shi ta juya, ya yi ƙara idan ta sunkuya, ya tilasta mata ta ɗaga haɓa. Duk wannan ba ka ganinsa ta bayan gilashi. Sai da na ɗauke ido daga akwatunan na kalli masu kallo, sannan na ga nunin na gaske. Kusan kowa a zauren yana sanye da wani abu. Wani dattijo da farin gemu ya maƙala wani faifan ƙarfe mai faɗin tafin hannu a ƙirjin kwat ɗinsa. Wata budurwa abin wuyanta ya sauko har gwiwa, dole ta tafi a hankali don kada ta taka shi, kuma wannan tafiyar ta sa duk wanda ta gifta sai ya waiga. Idan mutum biyu suka haɗu, ƙirji ake fara kallo kafin fuska, gaisuwar farko kuma ita ce, "Aikin wa ne?" Daga nan hira ta ɓarke tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

A layin sayen shayi muka gamu da tsohuwar da ta gyara mana tafiyar. Bajamushiya ce, za ta yi shekara 70, siririya, gashi fari fat an aske shi gajere. Ita ta fara magana, don ta ga awarwaron da ke hannun Gwaggo, 'yan Dubai masu karat 21, ta yaba. Gwaggo ta rama da kallon nata hannun. Wata baƙar roba ce kawai ta zagaye shi, kaurin ɗan yatsa, irin wadda za ka gani a shagon bakanike ba ka ko waiga ba. A wuri guda robar ta kumbura, kamar ta haɗiye wani abu mai zagaye.

Na gane shi nan take, gabana har ya faɗi, domin a hoto kawai na san shi. Aikin Otto Künzli ne, mutumin Suwizalan da aka haifa a Zurich a 1948, wanda ya riƙe ajin ƙira a babbar makarantar fasaha ta Munik daga 1991 zuwa 2014. A 1980 ya yi wannan abin hannu, ya sa masa suna Zinari Na Makantarwa. Kumburin nan ƙwallon zinari ne aka cusa a cikin robar, aka rufe shi ruf.

Na yi musu tafinta. Tsohuwar ta zare shi ta miƙa wa Gwaggo ba tare da an roƙe ta ba. Gwaggo ta ɗora shi a tafi, ta jinjina, ta mirgina kumburin tsakanin babban yatsa da manuni, ta ɗaga shi wajen fitila ko za ta hango wani abu. Baƙi ƙirin.

"Akwai nauyi a ciki," ta ce. "Amma dalma ma tana da nauyi. Tambaye ta, ta taɓa yankawa ta gani?"

Tsohuwar ta girgiza kai. Ta ce shekara da shekaru tana sa shi, ba ta taɓa ganin zinarin ba, kuma ranar da ta yanka robar, ranar ta rasa abin hannun, sai dai ta tashi da ɗan ƙwallon gwal. Ta ce kusan duk inda ta shiga da shi sai an tambaye ta, kuma duk wanda ta gaya wa akwai zinari a ciki sai ta ga kallon da yake yi wa robar ya canza a gabanta, alhali robar tana nan yadda take. Wannan canjin fuskar, in ji ta, shi take saye da kuɗinta.

A nan na fahimci abin da malamai ke nufi idan sun ce irin wannan ado wasa ne da ake yi a gaban mutane. Maƙeri ya yi rabin aiki ya tsaya. Ragowar sai mai sawa ta fita da shi, wani ya gani, ya tambaya, ta amsa, ya yarda ko ya ƙi. Idan aka kulle shi a gilashi aka rubuta a gefe cewa akwai zinari a ciki, an riga an ba da amsa kafin a yi tambaya.

Lokacin da aka yi shi ma yana da nasa bayani. A Janairun 1980 farashin zinari ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ta kai dala 850. Ƙasar da ta fi kowa haƙo shi a lokacin ita ce Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, baƙaƙe ne ke shiga rami, wasu ne ke cin riba. Masu sharhi da dama sun karanta baƙar robar da ta lulluɓe zinarin ta wannan fuska. Ni da na ji sunan aikin, Zamfara ce ta faɗo mini. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinari cikin gidaje ana daka su ana niƙa su a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Na faɗa wa Gwaggo haka da Hausa. Ta yi shiru, ta mayar wa tsohuwar abin hannunta da hannu biyu.

Tsohuwar ta ga mun ɗauki abin da muhimmanci, sai ta ja mu teburin masu sayar da littattafai, ta buɗe mana wani kundi ta nuna mana hoton wani aikin nasa. Doguwar sarƙa ce ta gwal tsantsa, a karon farko idon Gwaggo ya kawo haske. Amma da ta matsa kusa sai ta ga kowane gaɓa zobe ne, kuma ba su yi daidai da juna ba, wani siriri, wani mai kauri, wani ya sha jiki har ya lotsa. Tsakanin 1985 da 1986 Künzli ya ba da cigiya a jarida cewa yana neman zobban aure da aka daina sawa. Ya tara 48, ya sarƙa su da juna. Turawa sukan zana suna ko ranar ɗaurin aure a cikin zoben, don haka kowane gaɓa na sarƙar nan auren wasu ne da ya ƙare, ko da mutuwa ko da rabuwa.

Na tambayi Gwaggo ko za ta iya sa ta a wuya.

"Allah ya kiyaye," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Amma na san wannan sarƙar, Uwata. Kullum ana kawo mini ita, gutsure-gutsure. Mace ta shigo shago da 'yan kunne a ƙulle a bakin zani, tun kafin ta kwance na san na lefenta ne. Ba na tambaya. In auna, in biya, in haɗa da na wasu a kai a narke. Shi wannan bai narke ba, shi ke nan bambancinmu."

Ban taɓa jin ta yi maganar sana'arta haka ba. Da yamma muka koma unguwar babbar tasha, inda shagunan Turkawa suke, muka sami abincin halal mai zafi, muka rama salloli a masauki. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Washegari na fara kai ta inda na san za ta ji daɗi, ɗakin taskar fadar da ke tsakiyar gari ta sarakunan Bavariya, wato yankin da Munik take ciki, wanda ɗaya daga cikin masu mulkin yankin, Albrecht na Biyar, ya kafa harsashinsa a 1565. Nan kam ta ga abin da take nema, zinari da lu'ulu'u da yaƙutu har ido ya gaji. Ta daɗe a gaban kambin sarautar Bavariya da aka ƙera a Faris a 1806. Da na gaya mata cewa sarakunan Bavariya ba a yi musu bikin ɗora kambi a ka ba, a kan matashi ake ajiye shi a lokacin taro, sai ta kama baki. Ta ce duk wannan dukiya, ba kan da ya ɗauka?

Daga nan muka taka zuwa Pinakothek der Moderne, gidan adana fasahar zamani, inda a ƙasan ginin akwai wani zagayayyen zaure mai suna Danner Rotunde da aka buɗe a 2004 don kayan adon wannan zamani kawai. Wuri ne mai duhu-duhu, akwatunan suna bin bango a zagaye. Duk wanda ke son ya ga tarihin fannin a dunƙule, nan zai zo. Muna zagayawa ina ba ta labarin yadda abin ya faro.

A 1967 wasu mata da miji 'yan Holan, Gijs Bakker da Emmy van Leersum, aka gayyace su nuna aikinsu a gidan fasaha na Stedelijk da ke Amsterdam. Suka ƙi yarda a kwantar da shi a akwati kawai. Suka ɗauko 'yan mata suka sanya musu manyan abin wuya na alminiyam da suka rufe kafaɗa, har da wanda aka yi da bututun hayaƙin murhu, aka kunna kiɗa da fitilu, suka yi tafiya a gaban jama'a. A 1973 Bakker ya ƙara gaba. Ya ɗaure siririyar waya a dantsen mutum ta matse, ya cire, ya ɗauki hoton shatin da ta bari a fata. Shatin nan shi ne adon, kuma kafin a jima ya baje. Gwaggo ta ture awarwaronta sama ta duba wuyan hannunta, ga shatin nan kuwa. Ta ce shekara nawa tana ganinsa ba ta taɓa kawo shi a bakin komai ba.

Akwai kuma Ted Noten, shi ma ɗan Holan, da a 1998 ya riƙa sayar wa mutane cingam a cikin kwali. Ka tauna, ka ba shi siffar da bakinka ya ga dama, ka mayar masa, a zuba siffar da azurfa ko gwal a dawo maka da ita ka maƙala a riga. Mai saye ya zama shi ne maƙerin. Wannan ya ba Gwaggo dariya sosai, ta ce ko ba komai ba wanda zai zo ya ce an yi masa irin na wani.

Inda ni da ita muka ja tunga shi ne labarin Peter Skubic na Ostiriya. A 1975 ya sa aka tsaga masa hannu aka dasa wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin fata, ya zauna da shi har 1982 aka cire, ya sa shi a cikin zobe. A makaranta ana ambatonsa da girmamawa, a matsayin wanda ya kai tambayar har ƙarshenta: idan ba wanda ke gani, ado ne? Na gane tambayar, amma ban yarda da hanyar ba. Jiki amana ne, ba a tsaga shi don a kafa hujja. Künzli ya yi tambaya mai kama da wannan da roba da ƙwallon gwal, bai zubar da jinin kowa ba, kuma tasa ta fi nisa, don ga ta nan a hannun wata tsohuwa tana yawo a gari bayan shekara 40.

Da la'asar muka bi taswira cikin unguwar Maxvorstadt, kusa da makarantar fasaha. A wani ƙaramin shago aka ba Gwaggo izinin taɓa wani abin hannu na David Bielander, wanda ke zaune a Munik. Da ido kwali ne, irin na katan, har da lanƙwasar cikinsa da 'yar wayar da ake maƙale takarda da ita. Tana ɗauka ta ce, "Wannan azurfa ce." Sanyin ƙarfen da nauyinsa suka gaya mata. Mai shagon ya tabbatar, ya ƙara da cewa 'yar wayar farin gwal ce. Gwaggo ta juya shi ciki da bai, tana neman inda aka yi haɗi, ba ta samu ba. Ta ce wanda ya iya wannan, babu abin da ba zai iya ƙerawa ba. Daga nan ta daina tambayar giram.

Ba duk abin da muka gani ne ya burge ni ba. Akwai wuraren da rubutun bango ya fi aikin tsawo, ka karanta shafi guda sannan ka ga abin da ba shi da ko rabin nauyin maganar. Akwai masu neman a firgita kawai. Sannan da'irar ƙarama ce, fuskokin da muka gani a filin baje koli su muke ta cin karo da su a kowace ƙofa, maƙera na kallon maƙera. Baƙar fata kuwa sai ka yi yini ba ka ga biyar ba, alhali nahiyar da ake haƙo kaso mai tsoka na zinarin duniya tana cike da maƙera, daga Agadas zuwa Kumasi. Wannan ya dame ni, kuma har yanzu yana damuna.

Wuri na ƙarshe da muka shiga ɗakin ƙarƙashin wani gida ne, an sauka da tsani mai santsi, sai da na riƙe wa Gwaggo hannu. Ɗalibai ne suka kama shi. Babu akwati ko ɗaya. Mutane wajen ashirin ne a tsaye a zagaye, ɗaya daga cikinsu na ɗauke da wani ƙaton abin wuya na dunƙulen yumɓu ja, kowane dunƙule ya kai girman ƙwai, an zura su a igiya mai kauri. Wata ɗaliba 'yar Asiya, hannunta duk jar ƙasa, ta matso ta yi mana bayani a hankali. Yumɓun ɗanye ne, an shanya shi amma ba a gasa ba. Duk wanda ya shigo zai iya ɗauka, ya riƙe iya yadda wuyansa zai jure, sannan shi da hannunsa ya sanya wa na gaba. Ba a ajiye shi a ƙasa ko a tebur har a tashi. Dunƙulen suna gogar juna suna zubar da gari, ta ce tun farkon mako sun ragu sosai, kuma nufinta kafin a watse igiya ce kawai za ta rage.

Ni aka fara sanya wa. Wata mata mai tabarau ta ɗago shi da ƙyar ta zura mini ta ka. Nauyin ya dira a kafaɗata har na ranƙwafa. Yumɓun da ɗuminsa, ɗumin jikin mutanen da ban sani ba, kuma yana ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Duk numfashin da na ja sai na ji dunƙulen sun yi gurnani a ƙirjina, jan gari na sauka a kan takalmina. Kowa ni yake kallo, ba mai magana. Na ga cewa idan na tsaya cak garin ba ya zuba, idan na motsa ina cinye aikin yarinyar nan da jikina, kuma ita tana tsaye tana kallo, haka take so.

Da wuyana ya gaji na juya ga Gwaggo, ina tsammanin za ta ƙi saboda baƙar abayarta. Sai ta sunkuyar da kai. Ta ɗauke shi fiye da yadda na ɗauka, tana tsaye ƙyam, kafaɗa a miƙe, irin tsayuwar matar da ta saba da kaya masu nauyi a wuya. Da ta gama, wanda ke kusa da ita namiji ne, ya riga ya matso. Gwaggo ta dube ni. Kafin in buɗe baki ɗalibar ta gane, ta yi wa mutumin magana a kunne, ya ja da baya yana murmushi, wata dattijuwa ta shigo wurinsa. Gwaggo ta zura mata, ta gyara mata zaman igiyar a bayan wuya don kada ta ci mata fata, yadda ake yi wa amarya. Abayar ta yi ja daga wuya har ciki. Na kai hannu zan kakkaɓe, ta riƙe ni ta ce in bari sai mun je gida.

A bakin ƙofa ɗalibar ta baza wasu ƙananan abin maƙalawa a riga da ta yi da gasasshen yumɓu da bayan azurfa, don ta sami kuɗin hayar ɗakin. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa, ta gwada allurar, ta ga tana kamawa da kyau. Ta ce in tambayi kuɗinsa. Yarinyar ta yi jim, ta faɗi wani farashi tana kallon ƙasa, kamar mai neman gafara.

Gwaggo ta ce, "Tambaye ta awa nawa ta yi a kansa."

Ta faɗa.

"Azurfar nawa ta saya? Wutar gashin fa? Hayar nan fa?"

Ta zaro wayarta ta buɗe kalkuleta, ina fassarawa tana dannawa. Da ta gama ta juya wa yarinyar fuskar wayar. Kuɗin da ta nema ko kayan aiki da haya bai gama biya ba, balle ladan hannunta.

"Gaya mata, 'yar nan, ba a yin sana'a haka. Wanda ya karya wa kansa farashi ya karya wa 'yan uwansa. Ta iya aiki, ta daina sunkuyar da kai idan za ta faɗi kuɗi."

Yarinyar ta ɗauko alƙalami ta kwafe lissafin a bayan hannunta. Gwaggo ta biya farashin da lissafinta ya fitar, ta maƙala mini abin a mayafi da kanta, ta karɓi lambar yarinyar ta ce akwai maƙerin da take aiki da shi a Kano da take so ya ga yadda aka yi allurar nan. Sannan ta duba agogo ta ce mu hanzarta, jirgin Nuremberg ba ya jiran kowa.